Karatun Jami'a: Har Yaushe Iyayen Damargu Za Su Yi Ta Cinikin Biri A Sama?

Kowace shekara idan damina ta tsaya, sakamakon jarrabawar BAK kan fito, a yi guɗa a wasu gidaje na Belbeji da Tanut, a yi jaje a gidaje masu yawa. Guɗar kuwa ta cancanta, domin a shekaru irin su 2021 da 2023 wajen ɗalibi ɗaya cikin huɗu ne kacal ya tsallake wannan jarrabawa a duk faɗin Nijar. To amma murnar ba ta daɗewa. Kafin mako biyu, uban da ke awon hatsi da uwar da ke tuyar ƙosai a bakin tasha za su tarar da tambayoyin da ba su taɓa cin karo da irinsu a kasuwa ba: wace makaranta za a kai yaron nan, nawa za ta ci, kuma in ya gama, takardar da za a ba shi za ta yi masa rana ko kuwa ta naɗe tsire ce?

Abin da muke son faɗa a wannan shafi shi ne, lokaci ya yi da hukuma za ta kafa dokar da za ta tilasta wa kowace makarantar gaba da lise, ta gwamnati ce ko ta kuɗi, ta bayyana gaskiyar kayan da take sayarwa, a tara bayanan a wuri guda, a kuma isar da su ga iyaye cikin harshen da suke ji. Ɗan kasuwar Damargu ba ya sayen rago sai ya duba haƙoransa, ba ya karɓar buhun gero sai ya soka masa ƙarfe ya ga ƙwayar. Amma idan aka zo ga karatun ɗansa, wanda zai iya cinye garken awaki sukutum, sai ya biya a kan jita-jita.

Yadda kasuwar ilimi ta faɗaɗa

Idan mai karatu bai manta ba, shekaru da dama jami'ar gwamnati guda ɗaya tak muke da ita, wato ta Yamai, wadda aka kafa harsashinta a 1971, aka sa mata sunan Abdou Moumouni a 1992. Ban da ita sai Jami'ar Musulunci ta Sayi, wadda ta buɗe a 1986. A wancan zamani babu wani zaɓi mai yawa, duk wanda ya ci BAK daga Damargu ya san zai kama hanyar Damagaram, daga nan ya yi wajen kilomita 900 zuwa Yamai.

Yanzu labari ya sauya. A 2010 aka kafa jami'o'in Damagaram da Maraɗi da Tawa, a 2014 kuma aka ƙara na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi, aka samu jami'o'in gwamnati takwas. Ta Damagaram ita ce ke ɗauke da sunan André Salifou, ta Maraɗi Dan Dicko Dankoulodo, ta Tawa Djibo Hamani. Kowace da inda ta fi ƙarfi: Maraɗi an san ta da fannin noma da kiwon lafiya, Tawa da shari'a da tattalin arziki, Agadas da ma'adinai da makamashi. Ga kuma makarantun koyon aiki irin su EMIG ta injiniyoyi a Yamai, da IPDR ta Kollo mai horar da malaman gona da na dabbobi, da makarantar kiwon lafiya ta ƙasa da ke nan Damagaram.

A gefe guda, dokar tsarin ilimi ta 1 ga Yunin 1998 ta amince da makarantu masu zaman kansu, kuma tun daga nan suke ta ƙaruwa a Yamai da Maraɗi da Damagaram. Wasu daga cikinsu nagari ne, suna fitar da ma'aikatan jinya da akawu da masu sarrafa kwamfuta da ƙasa ke amfana da su. Wasu kuwa allon ƙofa ya fi ajin girma. Ga hanyar Kano da Katsina da Kwatano da Lome a buɗe ga mai hali. Zaɓi ya yi yawa, amma mudun da za a auna shi bai iso ƙauye ba.

Abubuwan da ba a faɗa a talla

Da zarar sakamako ya fito, tallace-tallace kan cika gidajen rediyo da WhatsApp, kowace makaranta tana cewa ita ce ta ɗaya. Mu da ke aiki a gidajen rediyo mun san cewa mai talla abin da ya biya aka karanta masa, ba aikinsa ba ne ya kushe hajarsa. Akwai abubuwa da ba kasafai suke fitowa a irin wannan talla ba, alhali a kansu kuɗin iyaye ke tsira ko ya salwanta.

Na farko, izinin hukuma hawa-hawa ne. Izinin kafa makaranta daban, izinin buɗe ta daban, kuma samun izinin koyar da lissafin kasuwanci ba ya nufin an yarda makarantar ta koyar da aikin ungozoma. Na biyu, akwai bambanci tsakanin takardar da makaranta ta buga da kanta da takardar da gwamnati ke bayarwa bayan jarrabawar ƙasa, irin BTS na gwamnati. Yaro zai iya shafe shekara biyu ko uku, sai ranar da aka buɗe gasar ɗaukar ma'aikata ne zai gane cewa tasa takardar ba ta cikin waɗanda ake karɓa. Na uku, kuɗin da ake faɗa a talla ba shi ne duka ba. Akwai kuɗin rajista, da na jarrabawa, da na kayan aiki, da na koyon aiki, da na kare kundin kammalawa, sannan ga hayar ɗaki da abinci da kuɗin mota, waɗanda ga ɗan Belbeji da ba shi da dangi a birni kan zarce kuɗin makarantar ma.

Jami'o'in gwamnati su ma akwai nasu. Kuɗin rajistarsu da sauƙi, amma kowa ya san tarihin yaje-yajen aiki na malamai da ɗalibai, da shekarun karatu da ke hawa kan juna, har digirin shekara uku ya ɗauki huɗu ko biyar a wasu sassa. Kowace shekara da ta ƙaru, wani ya biya ta da buhunan gero. Tallafin karatu da hukumar ANAB ke bayarwa ba kowa ke samu ba, wanda ya samu kuma sau da yawa sai ya yi jira. Uwar da ke zubin adashe don ta aika wa ɗiyarta kuɗi ta Nita ko Amana tana da haƙƙin ta san shekara nawa za ta yi tana wannan aike.

A lura kuma da lokacin da ake yanke wannan shawara. Sakamako kan fito ne a daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, akuya ba ta sayen tiyoyin geron da take saye da kaka. Iyaye na gona, hanya ta lalace da ruwa, wa'adin rajista kuma ba ya jira. A irin wannan hali ne ake dogara da maganar wani ɗan uwa a birni, ko wani dillali da ke da kamasho a kan kowane yaron da ya kai.

Darasin Kwatano

Wanda yake ganin kamar muna zuzuta lamarin, ya dubi abin da ya faru da maƙwabtanmu. A ƙarshen Disambar 2023 wani ɗan jarida na jaridar Daily Nigerian mai suna Umar Audu ya fallasa yadda ya sami takardar digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, ba tare da ya zauna a aji ba. A farkon Janairun 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo. A watan Agustan wannan shekarar ministan ilimi na lokacin, Tahir Mamman, ya bayyana cewa mutum fiye da 22,000 ne ke riƙe da takardun da ba su inganta ba daga ƙasashen biyu, kuma jami'o'i takwas kaɗai aka amince da su, biyar a Benin, uku a Togo.

Babu shakka a cikin waɗannan mutane akwai waɗanda suka sayi takarda da gangan. Amma akwai kuma 'ya'yan bayin Allah da iyayensu suka sayar da fili da dabbobi, suka zauna a aji suka yi karatun, sai daga baya aka ce musu makarantar ba ta cikin lissafi. Da an buga musu jerin sunayen tun kafin su biya, da yawa ba za su taka ƙafa can ba. Hukuma ta yi magana, amma bayan kuɗi sun riga sun tafi.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

Wannan matsala ba tamu ce mu kaɗai ba, kuma wasu sun nemi maganinta ta hanyar doka. A Amurka, inda ɗalibai ke cin bashi mai nauyi don karatu, wata doka ta 2008 ta wajabta wa makarantun da ke amfana da tallafin gwamnati su sa na'urar lissafi a shafinsu na intanet, wadda za ta nuna wa ɗalibi ainihin abin da zai biya. A 2012 jihar Bajiniya ta yi tata dokar, cewa a riƙa buga yawan waɗanda suka sami aiki bayan kammala karatu da abin da suke samu. A 2015 gwamnatin tarayyar ƙasar ta sabunta shafin College Scorecard, inda mutum zai jera makarantu biyu ko uku ya kwatanta kuɗinsu, da yawan masu kammalawa, da bashin da ake fita da shi.

A Faransa, dokar 8 ga Maris ta 2018 ce ta kawo Parcoursup, inda kowane fanni ke nuna yawan gurabensa, da kuɗinsa, da yadda aka ɗauki ɗalibai a shekarar da ta gabata. A nan kusa da mu, Senigal ta fara raba sabbin masu BAK zuwa jami'o'i ta shafin Campusen tun 2013, Burkina Faso ta biyo baya da Campusfaso a 2018. A Najeriya hukumar JAMB na buga kundin fannoni da sharuɗɗan shiga kowace jami'a, hukumar NUC kuma kan fitar da sunayen jami'o'in bogi.

Sai dai a nan akwai abin lura. Shafin rajista daban, shafin kwatance daban. Wanda aka yi don yaro ya cika takardu ya zaɓi fanni, sauƙi ne ga ma'aikata. Wanda aka yi don uba ya ga makaranta kaza mutum nawa ta ɗauka, nawa suka gama, shi ne ke kare aljihun talaka. Na biyun muke nema.

Ba daga sifili za mu fara ba

Yawancin bayanan nan suna nan a ofisoshi. Ma'aikatar ilimi mai zurfi ta san makarantun da ta ba izini da fannonin da ta amince musu. Ofishin OBEECS, mai shirya BAK da tantance darajar takardu, ya san sakamakon jarrabawar ƙasa. ANAB ta san masu tallafi. Majalisar CAMES, wadda aka kafa a Yamai a 1968 take kuma da mazauni a Wagadugu, tana da kundin takardun digirin da ta amince da su a ƙasashen da ke cikinta. Har ila yau, tun 23 ga Fabrairun 2011 aka fitar da dokar da ta ba ɗan ƙasa damar neman bayanai da takardun hukuma. Matsalar ita ce, bayanan a warwatse suke, da Faransanci suke, kuma mafi yawansu a Yamai suke. Belbeji, wadda ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011 bayan an cire ta daga Tanut, tana da nisa da waɗannan ofisoshi.

To me dokar za ta ƙunsa? A ganinmu, kowace makaranta ta miƙa wa hukuma abubuwa biyar duk shekara kafin fitowar sakamakon BAK, fanni-fanni: lambar izininta da matsayin takardar da take bayarwa, jimlar kuɗin da za a biya daga shiga har fita, ba tare da ɓoye ko dala ba, yawan waɗanda suka shiga da yawan waɗanda suka kammala, shekarun da ake ɗauka a zahiri kafin a gama, da kuma sakamakonta a jarrabawar ƙasa. Wadda ta ƙi bayarwa a hana ta talla. Wadda ta ba da ƙarya a ci ta tara, in ta maimaita a janye izininta. Kuma kada a buga talla a rediyo ko a jarida sai da lambar izini a ciki.

Intanet kaɗai ba za ta wadatar ba

A nan ne muke jan hankalin masu tsara irin wannan aiki. Idan aka kwaso tsarin Faransa ko Amurka aka dasa shi yadda yake, to an yi wa 'yan birni aiki ne kawai. Mafi yawan 'yan Nijar ba sa shiga intanet, a ƙauyukan Tarka da Gangara da Tenhiya akwai inda sai an hau tudu ake samun rezo, cajin waya ma sai an biya. Mafi yawan iyayenmu mata, waɗanda su ne ke cire kuɗin daga bakin zane, ba sa karanta boko.

Amma muna da misali a gida. Shekaru da dama ke nan hukumar SIMA ke bin kasuwanni tana tattara farashin gero da dawa da wake, akwai kuma takwararta ta farashin dabbobi, ana yaɗa bayanan har ta rediyo. Ƙasar da ta iya gaya wa manomi farashin tiya a kasuwar Bakin Birji ba za ta kasa gaya masa kuɗin makaranta a Damagaram ba. Don haka dokar ta tanadi cewa, ban da shafin intanet, a iya tambaya da ƙaramar salula ta hanyar gajeren saƙo ko kiran murya kyauta, a liƙa jerin a kowace lise da ofishin magajin gari, a kuma karanta shi a gidajen rediyon al'umma har tsawon watan da ya biyo bayan sakamako. Kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ga wurin da ya kamata a ga amfanin wannan ayyanawa, tare da fassara zuwa Tamashek da Fulatanci da Barbarci, domin Damargu ta kowa ce.

Inda gizo ke saƙa

Ba za mu ɓoye cewa irin wannan doka tana da nata haɗarin ba. Alƙaluma ana iya murɗa su. A 2022 babbar jami'ar Columbia ta Amurka ta amsa cewa ta ba da bayanan da ba daidai ba ga wata mujalla mai jera jami'o'i, ta faɗo daga matsayi na 2 zuwa na 18. Idan haka ta faru a can, to a nan sai an sa masu bincike da za su riƙa zuwa ba sanarwa suna ƙirga ɗalibai da malamai. Makaranta kuma za ta iya hana raunanan ɗalibai shiga jarrabawa don sakamakonta ya yi kyau, shi ya sa muka ce a nuna yawan waɗanda suka shiga tun farko.

Batun samun aiki ma sai an yi hattara. A ƙasarmu yawancin mutane ba su da takardar albashi. Yarinyar da ta karanci kiwon dabbobi ta dawo Belbeji ta buɗe shagon maganin dabbobi, ba za a gan ta a rajistar ma'aikata ba, alhali ta fi wani mai ofis amfani. Saboda haka ba muna neman a jera makarantu daga ta ɗaya zuwa ta ƙarshe ba ne, a dai ba mutane alƙaluma su auna da kansu. Masu makarantun kuɗi na gaskiya bai kamata su ji tsoro ba, domin mai kaya mai kyau shi ke cin ribar hasken rana. Gwamnati kuma kada ta ware nata jami'o'in, don mai riƙe da sikeli shi ya kamata ya fara hawa kansa.

Kafin doka ta zo

Tun bayan 26 ga Yulin 2023 da aka rushe majalisar dokoki, hukumomin ƙoli ne ke fitar da dokoki kai tsaye, wanda ke nufin in an ga dama abin ba zai ɗauki shekaru ba. Ƙungiyoyin iyayen yara, da na 'yan kasuwa, da na mata masu adashe, da sarakunanmu, su ne za su kai wannan kuka gaba. Kafin nan, alhazai da hajiyoyi, matambayi ba ya ɓata. Kada a biya ko dala sai an ga takardar izinin makaranta da ta fannin da yaro zai karanta. A tambaya ko takardar ƙarshe ta gwamnati ce ko ta makarantar. A nemi a rubuta jimlar kuɗin dukan shekaru a takarda mai hatimi, a kuma karɓi rasit a kan kowane biya. A nemi tsofaffin ɗalibai biyu ko uku a ji ta bakinsu, ba waɗanda makarantar ta zaɓo ba. In ƙasar waje ce, a fara tuntuɓar ofishin tantance takardu kafin a yanki tikitin mota. A je wurin malaman lise, sun fi dillali sanin ƙarfin yaron.

Matatar mai ta SORAZ tana ƙasar Damargu tun 2011, asibitocinmu na neman ma'aikata, garkunanmu na neman likitoci. Yaran da za su cike waɗannan gurabe suna nan cikin masu cin BAK na bana da na baɗi, kuma kuɗin karatunsu daga rumfar kasuwa zai fito. Sayen nagari mayar da kuɗi gida, amma sai an bar mai saye ya ga kayan. Allah Ya ba shugabanni ikon gyarawa, Ya sa wa karatun 'ya'yanmu albarka, amin.